Yadda ake tattara hotunan gida da na tafiye-tafiye, a adana su tare da sunayen mutanen ciki

Na fara wannan aiki ne bayan rasuwar kakarmu a Tudun Wadar Kaduna. Da aka tashi daga zaman makoki aka buɗe adakarta, sai muka tarar da ƙunshin hotuna a ƙarƙashin zannuwa, an ɗaure da tsumma. Gara ta ci gefen wasu, wasu sun manne da juna. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, ga fuskoki a hannunmu, kama ta nuna jininmu ne, amma wadda za ta faɗa mana sunayensu ita muka kai makwancinta kwana uku da suka wuce. Daga nan na yi wa gidanmu, na yi wa dangin mahaifiyata, na yi wa surukaina, yanzu har maƙwabta sukan neme ni. Shi ya sa za ka ga na sa zama da tsofaffi gaba da maganar waya da kwamfuta. Takarda tana iya jiran ka wata shida a cikin ambulan, ran tsoho kuwa ba a hannunka yake ba.

Kayan aiki

- Waya mai kyamara mai kyau, da isasshen wuri a cikinta, da caji
- Littafin rubutu mai ƙarfin bango, wanda ba za a yi wani abu da shi ba sai wannan
- Fensir mai laushi, irin 2B na masu zane
- Ambulan manya da fararen takardu marasa rubutu
- Buroshi mai laushi sabo, ko na hoda wanda ba a taɓa amfani da shi ba
- Baƙin yadi ko kwali mai duhu na shimfiɗawa
- Robar ajiya mai murfi da ke rufuwa ruf
- Filash ko faifan ajiya na kwamfuta

In kana da na'urar sikana, madalla. In babu, waya ta isa, yawancin aikin da na yi da ita na yi shi. Abubuwa huɗu kuwa kada su kusanci wurin: biro, gam, salatif da ƙyauron roba na ɗaure kuɗi.

1. Nemi izini, ka bi gida-gida

Fara da babban gida, ka gaya wa mai faɗa a ji abin da kake nufi. Daga nan ka lissafa inda hotuna suke kwana: adakar tsofaffi, saman sif, cikin tsofaffin littattafai, jakar takardun fansho ta Baba, firam ɗin da aka sauke daga bango aka jingine a bayan gado. Goggonni da suka yi aure da nisa su ne suka fi riƙon hotunan ƙuruciya, don kowace ta tafi ɗakinta da nata.

Za ka gamu da wadda za ta ce hotonta ba ya fita daga ɗakinta. Kada ka ja da ita, tana da gaskiya. Mu ma mun taɓa ba wani mai shago hoton kakanmu guda ɗaya tilo don ya ƙara masa girma, har yau ba mu sake ganinsa ba. Ɗauki kayanka ka je ka yi aikin a gabanta. Wanda kuma ya yarda ya ba ka aro, ƙirga a gabansa, rubuta adadin a jikin ambulan da sunan gidan, ka faɗi ranar da za ka mayar, ka kuma cika.

2. Share su, ka raba mai lafiya da maras lafiya

Wanke hannu ka busar sosai, kada ka shafa mai. Riƙe hoto ta gefe-gefe. Kaɗe ƙura da buroshi daga tsakiya zuwa baki. Goga da tsumma karce fuskar yake yi, musamman ƙurar hunturu da ke da yashi a ciki. Lokacin da na fi so shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba, a cikin ɗaki ko baranda mai kariya. A watan Agusta iskar Kaduna cike take da danshi, takarda tana yin laushi a hannu.

Wanda ya yi fumfuna ware shi a ambulan dabam, don tana yaɗuwa. Shanya shi a inuwa, in ya bushe ka kaɗe a waje, kada ruwa ya taɓa shi. Wanda ya manne da gilashin firam ka bar shi yadda yake, in ka ja fuskar za ta bi gilashin. Yana manne da gilashin za ka ɗauki hotonsa a waya. Waɗanda suka manne da juna, fara ɗaukar na saman a waya tukuna. Hotunan da aka wanke a ɗakin duhu irin na da sukan saki juna in an jiƙa su a ruwan sanyi mai tsabta, amma a kan waɗanda ba ka damu da su ba za ka fara gwadawa, ka kuma shanya su fuska sama. Na firinta kuwa kalarsa zuba take yi da ta ji ruwa.

In ka ci karo da nagetif, wato fim ɗin kyamara da ake wanko hoto daga jikinsa, kada ka zubar. Sau da yawa ya fi hoton da aka wanko daga jikinsa lafiya.

3. Ba kowane hoto lamba

A bayan kowanne, can ƙasa a kusurwa, rubuta lamba da fensir a hankali, hoton yana kife a kan abu mai tauri don kada rubutun ya fito ta fuska. Fara da 0001. Wannan lambar ita za ka rubuta a littafinka, ita ce kuma za ta zama farkon sunan fayil. Tawadar biro tana ratsawa, tana kuma bugawa a fuskar hoton da ke ƙarƙashi. In bayan hoton mai santsi ne fensir ya ƙi kamawa, saka shi a cikin ninkakkiyar farar takarda ka rubuta lambar a jikinta.

4. Zauna da tsofaffi

Nan ne gundarin aikin. Zaɓi lokacin da tsohuwa take a sake, da hantsi ko bayan la'asar. Kada ka zube mata tulin hotuna. Ashirin sun isa zama guda, wani lokacin ma guda biyar za su cinye yinin, don kowanne da labarinsa. Nemi izininta ka kunna rikodin murya a waya, ka ajiye a gefe. Kafin ka miƙa mata hoto, faɗi lambarsa da ƙarfi don ta shiga rikodin. In idonta ya yi rauni, ɗauki hoton a waya ka buɗa mata fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya a buɗe ta fi amfani. In ka ce, “Goggo, wannan ba Kawu ba ne?” za ta iya cewa shi ne don kawai ta sallame ka. Ce mata, “Goggo, wannan na tsaye a bayanku fa, wane ne?” Sai ka yi shiru. Bi mutanen daga hagu zuwa dama, na zaune sannan na tsaye, haka za ka rubuta a littafi kullum don kada a rikice. Bayan suna, tambayi ɗan wane ne, a ina aka ɗauka, taron mene ne, wa ya kawo mai hoton.

Akwai abin da ke kayar da masu farawa, wato alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan farinta ba, haka na surukanta. Za ka ji “Malam ne,” ko “mai gidan nan,” ko “wannan yaron.” Kada ka matsa mata. Rubuta yadda ta faɗa, daga baya ka tambayi ƙanwarta ko wani baffa. Haka nan laƙabi: a gida ɗaya za ka samu Abba uku da Ummi biyu, domin duk wanda ya ci sunan kaka ɓoye sunan ake yi. Ga su Ladi, Jummai, Talatu, Ɗanjuma da Tanko, waɗanda jikokinsu ma ba su san sunansu na yanka ba. Rubuta duka biyun, na yanka da wanda aka san mutum da shi, haɗe da sunan uba. Shekara ashirin nan gaba “Abba” kaɗai ba zai gaya wa kowa komai ba.

Wani hoton zai sa ta kuka, wani kuma za ta kife shi ta ce a wuce. A wuce ɗin. Akwai auren da ya mutu da ɗaci, akwai ɗan da ya tafi bai dawo ba, kuma Kaduna gari ne da ya ga tashe-tashen hankula da suka raba mutane da unguwanninsu da maƙwabtansu. Sa alama a littafi ka bar shi, wata rana ita da kanta za ta ɗauko maganar. In kuma mutum biyu suka saɓa a kan wani hoto, rubuta maganar kowa da sunan wanda ya faɗa, kada ka yanke hukunci.

In babu sauran tsoho a gidan, nemi aminan marigayin: abokan aikinsa na masaƙun Kakuri ko na reluwe, 'yan majalisarsa, ƙawayen Hajiya na unguwa, tsohon direban gidan. Sau da yawa ƙawar amarya ta fi 'ya'yan amaryar sanin waɗanda ke cikin hoton bikin.

5. Gano shekara

Tsofaffinmu da abin da ya faru suke ƙirga, don haka ka riƙe waɗannan a ka. Zuwan Sarauniyar Ingila da hawan daba da aka yi mata a Kaduna, 1956. Rasuwar Sardauna, Janairun 1966. Yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Komawa tuƙi ta hannun dama, Afrilun 1972. Shigowar naira da kwabo a madadin fam da sule, 1973. Kisan Janar Murtala, Fabrairun 1976. Babban hawan daba na FESTAC a Kaduna, 1977. Mulkin Shagari, 1979 zuwa 1983. Canjin kuɗi na zamanin Buhari da Idiagbon, 1984. In ta ce “ina goyon wance aka kashe Murtala,” ka samu shekarar hoton, ka kuma samu shekarun wance.

Hoton da kansa yana ba da shaida. Juya bayansa ka duba hatimin mai hoto. In adireshin ya nuna Jihar Tsakiyar Arewa, tsakanin 1967 da 1976 ne aka yi hatimin, don a 1976 aka koma kiran ta Jihar Kaduna. In ka ga Funtuwa ko Daura an rubuta su a ƙarƙashin Jihar Kaduna, kafin 1987 ne, shekarar da aka cire Katsina. Fijo 504 haɗin Kaduna ba ta fito ba sai daga 1975. Kalandar bango, bajon makaranta, yayin atamfa da ɗaurin kallabi duk suna taimakawa. Mata sun fi mu ido a nan, da sun ga zane za su gaya maka bikin da aka yi ankonsa. Hoton Hajji kuwa a nemi tsohon fasfo, hatimin shiga Jidda yana ciki.

In ba ka samu shekara tsaf ba, rubuta “wajen 1980” ko “tsakanin 1975 da 1979.” Kada ka ƙaga rana, domin abin da ka rubuta yau shi jikoki za su ɗauka gaskiya.

6. Kwafe su a waya ko sikana

Shimfiɗa baƙin yadin a kan tebur kusa da ƙofa ko taga, inda haske ke shigowa amma rana ba ta bugawa. Kashe filashar kyamara, kashe ƙwan ɗaki, goge idon kyamarar. Riƙe wayar a saman hoton daidai wa daida, kada ta karkata, in ba haka ba kawuna za su yi tsawo. Dabarar da nake yi ita ce in tara littattafai, in ɗora wayar a kai idonta ya leƙo ta baki, in sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, hannu ba zai girgiza ta ba. Hoton ya cika allon amma a bar ɗan gefe. Kada ka jawo shi da yatsa, matso da wayar. Ɗauki fuska, ka juya ka ɗauki baya ko da hatimi ne kawai a wurin.

Mai sheƙi ko na cikin gilashi yana dawo da haske. Juya teburin har ƙyallin ya kauce, ka sa riga mai duhu don kada farar rigarka ta fito a ciki. Manhajar PhotoScan ta Google tana maganin wannan: za ta nuna maka ɗigo huɗu ka bi su da wayar, sai ta haɗa hoto guda marar ƙyalli.

In sikana za ka yi amfani da ita, ko a gida ko a shagon kwamfuta, ce a sa ma'aunin kaifin hoto a 600 dpi ga ƙananan hotuna irin na fasfo da na aljihu, 300 ga manya. A ɗauka da kala ko da hoton baƙi da fari ne. A shago ka tsaya a kansu, a goge gilashin, a kuma ɗora kowane hoto da hannu. Kada a zura shi ta bakin da ke jan takardu.

Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto kala suna gyara fuska sun yi yawa yanzu. Ni ba na son su, don na ga wadda ta sauya wa ɗaya kakan namu hanci ta goge masa tsagar gado. In za ka yi, yi a kan kwafi, na asalin ya zauna yadda yake.

7. Tsara fayil, har da na tafiye-tafiyen yau

Sunan fayil ya zama lamba, shekara, wuri, sannan taro, kamar 0047 1977 Kaduna hawan daba. Buɗe folda ga kowane gida, a cikinta a bi shekaru. Shafukan littafinka ma ka ɗauke su a waya ka zuba a ciki, tare da rikodin muryoyin.

Hotunan da muke ɗauka yau sun fi na adaka shiga haɗari, saboda yawansu ya sa ba wanda ke kula da su. In za ku tafi Sallah gida ko ziyara, fara da ɗaukar allon wurin: tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, tashar Kawo, allon shiga gari. Shi zai gaya maka inda sauran suka fito. Kada ka tsaya a kan hoton da kowa ya jeru ya ƙame. Ɗauki Inna tana ɗaure guzuri, yara suna leƙen taga, zauren gidan kaka, rijiyar tsakar gida, bishiyar da ake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Hoton yara a kan gadar Lugard a Gamji yana da daɗi, amma wanda za a nema da kuka nan gaba shi ne na ɗakin Hajiya yadda yake, da jerenta da dardumarta. Mai riƙe da waya shi ma a karɓa a ɗauke shi. A gidaje da yawa uwa ce ba ta cikin hoto ko ɗaya.

Kowane dare a tafiyar, rubuta layi uku: ina aka je, su wa aka gani, me ya faru. In an dawo, a cikin makon nan ka zauna ka goge maimaici da masu hazo, ka zaɓi kamar talatin ka sa musu suna.

Hattara biyu. Kada ka ɗaga waya a shingen jami'an tsaro ko kusa da bariki, Kaduna kuwa cike take da su. Kada kuma ka sa hoton tafiya a Facebook ko a sitatus kuna kan hanya. Bari sai kun sauka, ka kuma kashe alamar da ke nuna wurin da kake.

8. Ajiye a wuri uku

Kwafi ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a filash da zai zauna a gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa, ɗaya a intanet. Ƙwacen waya, gobara ko ambaliya ba za su haɗa ukun a rana ɗaya ba. Google yana ba kowane asusu 15GB kyauta, amma da Gmail da Drive da Photos duk a cikinsa suke ci, don haka ya fi kyau a buɗe asusu na musamman don hotunan gida. Mutum biyu amintattu su san kalmar sirrin, a kuma ɗaura shi a kan layin da ba za a bari ya mutu ba.

Memori da filash na jabu sun yi yawa a kasuwa: za su nuna sun karɓa, ranar da ka buɗe ka tarar da wayam. In ka saya, cika shi da hotuna, cire, mayar, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Mai kyau ma yana mutuwa, shi ya sa nake duba nawa duk bayan Babbar Sallah. WhatsApp kuwa ba ma'ajiya ba ce, matse hoto take yi. In za ka tura na asali, tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu.

9. Mayar da na takarda ma'ajiya

Kada ka kai tsohon hoto a yi masa laminatin. Zafi da gam ne ake manna masa, kuma ba ya ɓaruwa har abada. Albam mai shafi mai danƙo shi ma yana rina hoto ya sa shi ja. Mai aljihu ya fi. In babu albam, jera su a ambulan da farar takarda a tsakanin kowane biyu, ka sa a robar nan mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Ɗora robar a kan kanta a ɗakin da ake kwana, nesa da ƙasa saboda gara da ruwa, nesa da rufin kwano saboda zafi, kada kuma ta jingina da bangon banɗaki. Kafur da turaren wuta su tsaya a wajen tufafi. Wanda ake son ratayewa a falo a wanko kwafinsa a rataye, don haske yana cinye kala.

10. Raba wa dangi

Mayar wa kowa nasa, ka haɗa masa da kwafin wani da ba shi da shi. Wannan ne ke sa gidan da ya hana ka jiya ya kira ka gobe. Kafin ka tura komai a zauren WhatsApp na dangi, tace. Hoton matar aure ba mayafi, na amarya a ɗaki, na mara lafiya a gadon asibiti, mai shi kaɗai za a ba, ko 'ya'yanta in ta rasu. Akwai kuma 'yan'uwan da ba sa son a yaɗa hotonsu ko na iyayensu saboda fahimtarsu ta addini, a kiyaye musu.

Waɗanda suka rage ba a gane su ba, buɗe musu folda ta dabam. Tura guda ɗaya a zauren bayan isha'i, da lambarsa, ka roƙi kowa ya nuna wa tsohon da ke kusa da shi. Guda ɗaya a dare, in ka tura goma surutu zai binne su. Amsar da ta zo, ko da muryar wata goggo ce daga Zariya ko Funtuwa, sauke ta ka ajiye a foldar, ka buɗe littafi a lambar hoton ka rubuta sunan da wanda ya faɗa da ranar.